Shida da Ɗaya

"Baba Tela, don girman Allah ka ce masa kunnen doki aka yi."

A bakin ƙofa Roda ta tare shi, riƙe da kofin kunun da mahaifinta bai taɓa ba tun safe. Malam Mahfuz ya tsaya da guntun allin ɗinki a hannu. Wani mai Keke Napep ya danna hon a bayansa, ya matsa jikin bango.

Shekara ashirin da shida shagon ɗinkinsa a unguwar Wunti yana jingine da gidan Obadiya, mai gyaran keken ɗinki, mutumin Bogoro. Ƙwallo ce ta haɗa su. Wikki ce ƙungiyarsu ta gida, amma idan aka fita Afirka, duk ƙungiyar da ta ɗauki tutar ƙasa tasu ce. Obadiya ke kawo surutu, Mahfuz ya kawo rediyo da alli, su zana teburin rukuni a bango suna cike shi wasa bayan wasa.

Da daminar bana ɓarin jikin Obadiya ya shanye, hankalinsa kuma ya koma baya ya zauna a shekarar 2003. Ya daina gane Roda. Felicia yake kiranta, sunan uwarta da ta rasu shekara tara da suka wuce, ita kuma tana amsawa. Shekaranjiya ya buɗe ido ya ce, "Tela, an raba rukuni? Da wa aka haɗa Enyimba?" Mahfuz ya sa Roda ta duba wasannin waccan shekarar a wayarta don kada ya yi kuskure, ya zana teburin a bangon da ke fuskantar gadon. Jiya ya kawo masa wasan farko, Enyimba ta ci Simba uku da babu, Obadiya ya sha rabin kofin kunu. Yau wasa na biyu ne, wanda aka je Masar wurin ƙungiyar Ismaily.

Tun jiyan ma zuciyar Mahfuz ba ta kwanta ba. Mutum ne da bai yi nisa a makaranta ba, amma ba ya barin tambaya ta wuce shi. Yana taka keken ɗinki yana juya ta: wanda ya faɗi abin da ya faru, ya ɓoye shekarar da ya faru, ya yi ƙarya ko bai yi ba? Ya yanke cewa bai yi ba, da ƙyar. Yanzu kuma ga Roda da tata.

"Likita ya ce kada a tayar masa da hankali," in ji ta. "Kwana nawa suka rage masa, Baba Tela? Wa zai kama ka?"

"Ba kamun nake tsoro ba, 'yata."

"To me kake tsoro? Ni kullum ina amsa sunan Mama. Ni ce maƙaryaciya ke nan?"

Wannan ta shige shi. Ya ce, "A'a, wallahi ba ke ba ce." Ya cire takalmi ya shiga, da niyyar yi mata yadda take so.

Obadiya na kwance an tokare shi da filo biyu. Ya rame har agogonsa ya zame zuwa gwiwar hannu. Ƙarƙashin gado kawunan kekuna uku ne da bai gama gyarawa ba, ɗakin na warin man keke da man zafi.

"Injiniya, barka da hantsi."

"Tela, bar gaisuwa. Yaya muka yi da Larabawa?"

Mahfuz ya juya wa gadon baya, ya ɗora alli a bango. Ɗaya da ɗaya, layi biyu ne kawai, ko yaro zai iya ja. Ya ja na farko, a gefen Enyimba. Sai hannun ya tsaya.

Abin da ya tsayar da shi wani tsohon keke ne, wanda ya gada wurin mahaifinsa. Masu gyara uku sun yi ta lallaɓa shi, kowa ya ce a dawo mako mai zuwa. Obadiya ne ya buɗe cikinsa, ya rufe, ya ce, "Tela, wannan ya mutu. Ka ajiye shi don tunawa da Baba." Ranar ya ji haushinsa. Tun daga ranar kuma bai sake kai kekensa wurin kowa ba.

"Ƙeyarka ma ta nuna," in ji Obadiya. "Kada ka shafa min mai. Faɗi."

Roda na tsaye a bakin labule. Mahfuz bai kalle ta ba.

"Shida da ɗaya, Injiniya. Mu ne da ɗayan."

Ana jin mai gwanjo yana cigiyar masu saye a titi. Bakin Obadiya ya fara rawa. Roda ta ajiye kofin da ƙarfi ta nufo gadon, Mahfuz kuwa ya ji kamar ya kashe mutum da hannunsa.

"Shida," in ji Obadiya. "Shida! Ko zumuntar matan cocinmu aka tura ai ba za a ci su shida ba."

Dariya ce, ashe, take fitowa ta gefen bakin da ke motsi, tari na biye da ita.

"Ranar na buga rediyo da ƙasa," in ji Obadiya.

"Ka buga. Rediyona kuwa."

"Naka ne? To ya yi daidai, shi ya kawo labarin." Ya kalli bangon, idonsa na neman wani abu. "Batiran suka gangara waje. Yarinya ta bi su har bakin kwata tana kuka, wai Baba ya kashe mutanen da ke ciki. Ta kawo su a siket ɗin makaranta. Roda ce." Ya juyo da kai a hankali. "Ina Roda?"

"Ga ni, Baba."

Ya daɗe yana dubanta.

"Kai. Kin girma."

Ta durƙusa ta kifa fuska a kan hannunsa mai lafiya. Mahfuz ya juya ya rubuta shidan a bango, ya daɗe yana gyara cikinta, ko da yake ba ta buƙatar gyara. Da ya waiwayo, Roda na ba uban kunu da cokali, yana karɓa.

"Amma ka sani, Injiniya, waɗannan Larabawan, a ƙarshe sai da muka..."

"Kai, Tela! Ka koma ɗan duba ne? Kada ka ɓata min. Wasa ɗaya a rana. Gobe ka zo."

Washegari da hantsi, Mahfuz na yanka wata shadda, allin wasa na uku a aljihunsa, ya ji matan gidan sun ɗauki waƙa a hankali. Ya ajiye almakashi. Shi ya ɗinka farin yadin da aka shimfiɗa a akwatin gawar Obadiya, ya bi motar har Bogoro, ya tsaya a gefe da hularsa a kai har aka gama.

Bayan mako guda Roda ta leƙo shago ta ce ya zo ya ɗauki kawunan kekunan, ya san masu su. An fitar da gadon, an wanke ɗakin da sabulu tun daga ƙasa har inda hannu ya kai. Wuri ɗaya tsumman ya kewaye, gefensa bai gama bushewa ba: uku da babu, shida da ɗaya, sai layi huɗu da ba a rubuta komai ba.

Mahfuz ya ciro allin daga aljihu, ya ajiye shi a kan taga, ya sunkuya ya ɗauki keke na farko.