Harufa Huɗu a Jikin Duro

"Auwalu! Taho maza, Babanka ya ƙi tashi!"

Muryar Inna Rakiya ce ta tsallako zanar da ta raba gidajen biyu. Auwalu yana tsugune gaban bahon 'ya'yan tarwadar da yake kiwo, yana auna musu abinci da murfin kwalba. Ya ajiye ya fita ko takalmi bai sa ba.

Ya tarar da maƙwabcin nasa, Baba Mainasara, mijin Inna Rakiya, tsohon masuncin da ciwon gwiwa ya raba da jirgi, kwance a kan tabarma. Gumi ya jiƙe masa riga, yawu yana dalala ta gefen baki, naman cinyarsa yana rawa shi kaɗai.

"Tun yaushe, Inna?"

"Kwana ukku yana kukan ciki. Na ce hurar kasuwa ta, ya ce a'a, tsuhwa ta."

Auwalu ya juya zai ɗebo ruwan da zai shafa masa, sai idonsa ya sauka a kan shuɗin duro a gindin rumfa, an rufe shi da faifai, an kifa moɗa a kai.

Ya san duron. Shi ya sayo shi a kasuwar Yauri domin ajiye ruwan kifinsa. Ya wanke shi sau uku, ya zuba ruwansa a baho guda don gwaji, kafin la'asar duk kifin bahon sun juya ciki sama. Sai da ya sa hanci sosai ya ji warin maganin feshin shinkafa da ya kama robar. Ya so ya huda shi, amma ya ga duro ne sabo fil, ya ji ba zai iya ba. Ya ɗauki fenti ja ya rubuta GUBA da manyan harufa, ya mirgina shi bayan gida, ya ce a ransa duk wanda ya gani ya ji gargaɗi.

"Baba," ya ce, "ruwan duron nan kake sha?"

Tsohon ya buɗe ido da ƙyar. "Ka kama ɓarawonka, Malam Difloma." Ya yi ƙoƙarin dariya, tari ya sarƙe shi. "Aro ni yi. Na ga ka rubuta sunanka, na ce ran da ka nema in maido maka."

"Ni dai ban sha," in ji Inna Rakiya. "Ruwan roba bai kashe min ƙishirwa. Shi ka yi ma randata gori."

Auwalu ya miƙe. Ya ruga ya kira mai babur, suka sa tsohon a tsakiya, ya rungume shi ta baya har garin Wara. A asibiti ne kawai ya iya gaya wa ma'aikacin jinya abin da ke cikin duron, shi ma da murya ƙasa-ƙasa. Aka yi allura, aka ɗaura ruwa. Bayan azahar kaɗan ƙirjin Baba Mainasara ya daina hawa da sauka.

Kafin su iso da gawar, labari ya riga su. Maza sun cika ƙofar gida, mata sun cika tsakar gida. Auwalu yana sa kai ya hangi Amina, ƙanwar mamacin, ta ɗage faifan duron tana cika kwano domin masu gaisuwa, ruwan randar ya riga ya ƙare.

Idan ya yi shiru, babu mai sani har abada. Kwanon ya bar hannun Amina zuwa hannun wata mai goyo.

"Kada ki sha!"

Ya kaɓe kwanon ya faɗi. Ya durƙusa gaban Inna Rakiya, a gaban kowa, ya faɗi komai: kifin da suka mutu, warin, fentin, da hudawar da bai yi ba.

"Ba sunana ba ne, Inna. Guba na rubuta."

Ta juya ta dubi jajayen harufan.

"Shi ajami kaɗai ya sani," ta ce a hankali. "Da nic ce in kankare jan ga, hana ni ya yi. Ya ce kayan ɗiyan mutane ne, a bar mai sunanshi."

Ba ta ƙara duban Auwalu ba.

Bayan an dawo daga maƙabarta, Auwalu ya ja duron zuwa fako, nesa da rijiya da bakin tafki. Ya ɗauki tsohuwar wuƙar gyaran kifin Baba Mainasara ya soka a gindin duron, ya sake sokawa, har sai da hannunsa ya gaji. Ruwan ya fito garai-garai, ya bi ƙasa yana nutsewa. A kan faifan, moɗar tsohon tana nan a kife.