Makanikin Da Babu Shi A Littafin

Littafin na Sista Rifkatu ne, ma'aikaciyar jinya a wani ƙaramin asibiti da ke hanyar Gazara, 'yar wani ƙauyen Kiristoci a yankin Kurmin Kogi. Ta manta da shi a shagon ɗinkin Jamila a Makarfi wata ranar kasuwa. Bangonsa ya daɗe da yagewa, babu sunan littafi, babu na wanda ya rubuta. Da Jamila ta kira ta a waya, Sista ta ce ta ajiye shi, in ma tana so ta karanta, da Hausa aka rubuta, amma ta sani labarin 'yan coci ne.

Jamila ba ta yi niyyar buɗewa ba. Wuta aka ɗauke kwana biyu, keken surfani ya tsaya, zaman ya ishe ta. Ta karanta shafi uku a zuci, sai Goggo Asibi, mai sayar da mazarƙwaila a ƙofar shagon, ta tambaye ta me take kallo a takarda har bakinta a buɗe. Daga ranar karatun ya koma na bayyane. Kullum bayan la'asar Jamila ta karanta babi ɗaya, Goggo na zaune kan tabarma tana kore ƙuda daga tirenta.

Labarin wani direban babbar mota ne, Yohanna, wanda wata mota ta buge 'yarsa tilo a bakin hanya ta gudu. Ya daina zuwa coci, ya bar tuƙi, ya shekara bakwai yana neman wanda ya yi. Kowace Kirsimeti kuma sai ya tsinci wasiƙa a ƙarƙashin ƙofarsa, babu suna, layi ɗaya tak a ciki, mai rubutun yana cewa shi ne, a yafe masa.

Tun babi na biyu Goggo ta yanke hukunci cewa Iliya ne, ƙanen Yohanna, domin ba ta yarda da mutum mai yawan murmushi ba. In aka zo inda wani ya yi wa Yohanna addu'a sai ta ce amin da ƙarfi, sannan ta tsaya ta dubi Jamila, ta tambaya ko ya halatta. Jamila ta ce ita tela ce, ba malama ba. Goggo ta ce to uban da ya rasa 'ya dai uba ne, ta bar amin ɗinta a inda yake. Don kada Jamila ta riga ta sanin ƙarshe, Goggo ce ke tafiya da littafin gida a ƙasan tire, tunda ita ba ta karatun boko.

Langa-langa ce kawai ta raba shagon Jamila da na kawunta, Malam Gwadabe, mai gyaran injin ban-ruwa. A kwana na uku ya leƙo ya yi mata faɗa. Ya ce littattafai sun ƙare ne da za ta tara mutane a kan na wani addini? Shi dai kunnensa ba zai ɗauki wannan ba. Jamila ta sunkuyar da kai ta ce to, Kawu, za ta rage murya.

Ta rage ɗin kuwa, kuma a nan ta gano wani abu. Kawu mutum ne da ba a raba shi da buge-bugen guduma tun safe, amma da zarar ta fara karatu sai shagonsa ya yi tsit. Ranar da ta ƙara yin ƙasa da murya, ta ji ana jan benci a hankali zuwa jikin langa-langar. Ta gwada tsayawa a tsakiyar jimla, daidai inda Yohanna ya ji motsi a bayan taga. Ta yi shiru kamar tana neman zare. Can sai ga gyaran murya daga ɗaya ɓangaren, irin ta mai cewa a ci gaba.

Jamila ta danne dariyarta. Washegari, tana cikin babi na tara, sai ta ɗaga ido daga takardar kaɗan, ta ci gaba da magana da muryar karatu kamar ba abin da ya sauya. Ta ce a kusa da gidan Yohanna akwai wani tsohon makanike mai gyaran injin ban-ruwa, sunansa Gwani, mai jar hula da ta koɗe, mai goro a kumatu, wanda ba ya da aiki sai laɓewa a bayan katanga yana sauraron maganar maƙwabta.

Goggo ta gyara zama. Nan take ta wanke Iliya, ta ce ai ga mai laifi nan, duk mai laɓe ba ya rasa mugun abu a cikinsa.

Kwana biyar Jamila tana ƙara wa Gwani hali. Ran nan ya gyara injin wani manomi ya rage ƙusa uku a ƙasa, ya ce kamfani ne ya saka su don ado. Ran nan ya ɓoye tsire a aljihun babbar riga don kada a roƙe shi, har kyanwa ta bi shi gida. Goggo kuwa ta ɗauki tsohon da ƙiyayya ta gaske. Ta kira shi tsohon banza, ta kira shi mai kunnen jaki, ta ce da a Makarfi yake da ta watsa masa ruwan wanke-wanke ta saman katanga. Duk wannan da muryarta ta kasuwa, taku biyu daga inda Kawu yake zaune da jar hularsa.

Kawu ya rasa yadda zai yi. In ya yi magana, ya tona wa kansa asiri. In ya yi shiru, zagi na sauka. Ya sauya hula zuwa fara. Washegari Gwani ma ya sayi farar hula don ya ɓad da kama.

Ranar Asabar da safe Kawu ya hau babur ɗinsa ya nufi asibitin Sista Rifkatu, ya ce a auna masa hawan jini. Sista ta gaishe shi da ladabi, ta tambayi gida da aiki, ta ɗaura masa abin awo a hannu. Tana cikin matsa iska ya tambaye ta, kamar maganar ta faɗo masa ne kawai, wai a littafin nan nata da yara ke karantawa, wane ne ya rubuta zancen wani makanike Gwani?

Sista ta ce wane Gwani? Sau uku ta karanta littafin, babu makanike ko ɗaya a ciki.

Kawu ya bayyana mata hular, da goron, da kyanwar. Sista ta juya baya kamar tana neman biro, kafaɗunta na rawa. Da ta juyo ta ce jininsa ya ɗan hau, amma tana ganin ta san dalili. Ta ce in yana so ta faɗa masa ƙarshen labarin ya huta.

"A'a, 'yata," in ji Kawu. "Kada ki ɓata mini. In dai akwai wani irinsa, ki ara mini."

Akwai wani kwafin littafin, na wata abokiyar aikinta, a cikin durowa, ta miƙa masa. Kawu ya naɗe shi a leda ya tura cikin akwatin kayan aiki. Kwana uku yana rufe shago da hantsi, ya ce wa masu kawo gyara idonsa na ciwo, ya zauna ciki da tabarau yana bin layi da yatsa mai baƙin mai, har ya kai ƙarshe.

Ranar Talata saura babi uku. Jamila ta buɗe littafin, Goggo ta rufe tirenta don kada ciniki ya katse ta. Jamila ta ja numfashi za ta fara ke nan, sai murya ta fito daga bayan langa-langa, a natse.

"Ba sai kun wahala ba. Iliya ne. A babi na ƙarshe zai faɗa da bakinsa. Gwani kuwa ku gaishe shi, in kun same shi a wani shafi."

Guduma ta ci gaba da aiki.

Jamila ta zauna riƙe da littafi kamar an zuba mata ruwan sanyi. Mako biyu tana haƙuri, ba ta leƙa ko shafi ɗaya ba, ga shi an ƙwace mata ƙarshen a jimla guda. Goggo kuma ta rasa wanne za ta fara, murnar cewa tun farko ta faɗi Iliya ne, ko tambayar me ake nufi da in an same shi. Da Jamila ta amsa laifinta cewa ita ta ƙirƙiro Gwani don tsokanar Kawu, Goggo ta dubi langa-langar, ta tuno duk abin da ta faɗa a kan mai kunnen jaki, ta ja mayafi ta rufe fuska. Ta ɗauki tirenta ta koma gindin mangwaron tsallaken titi, ta ce ita da ƙofar shagon nan sai an ga hali.

Kwana biyu ba a yi karatu ba. A na uku Kawu da kansa ya tsallaka titi ya sayi mazarƙwaila, ya ce wa Goggo ya yafe kunnen jakin, ta dawo a ƙarasa. Ya ɗauko bencinsa ya shigo shagon Jamila ya zauna a fili, ya ce ya zo ne ya tabbatar ba a ƙara ko harafi ba. Jamila ta karanta a daƙile, tana jiran Iliya ya yi ikirari.

Iliya bai yi ba. Mai wasiƙar Mama Saratu ce, dattijuwar cocin da ta shekara bakwai tana kai wa Yohanna tuwo kowace Lahadi. Ita ce ke koyon tuƙi da motar mijinta a ranar, tsoro ya sa ta gudu. Jamila ta tsaya ta dubi kawunta. Yana ɓare goro, fuskarsa ba alamar komai.

"Kawu, ƙarya ka yi mana."

"Ni ma na ɗan taɓa rubutun littafi ne," ya ce. "Ci gaba."

Ta ci gaba. Yohanna ya je gidan matar da wuƙa a aljihu, ya same ta ta haɗa kayanta a ɗan ƙunshi tana jiran a kai ta wurin 'yan sanda. Daga baya ya ajiye wuƙar a kan tebur, ya ce ta zuba masa tuwo, yunwa yake ji. A shafin ƙarshe ya koma coci, su biyun suka tafi kabarin yarinyar tare.

Goggo ta share hawaye da bakin zane, sannan ta tashi da faɗa. Ta ce wannan ba adalci ba ne. Shekara bakwai mace tana kallon idonka tana ba ka tuwo, a ƙarshe ka ce a ƙaro miya? Ko mari ɗaya ai a yi, sannan a yafe. Jamila ta ce ita tausayin matar ta ji, don kai tuwon nan ma hukunci ne. Suka juya ga Kawu.

Kawu ya ce shi abin da ya tsaya masa daban ne. Lokacin da matarsa Azumi ta rasu, zazzaɓin kwana biyu ne, babu wanda zai nema, babu wanda zai yafe wa. Ya ce yana karantawa yana jin kamar Yohanna ya fi shi sa'a, har kunyar tunanin ta kama shi. Suka yi wa Azumi addu'a su uku, Goggo ta ce amin ba tare da ta tambayi kowa ba.

Amma ba ta sauka daga ra'ayinta ba. Ta sa Jamila ta ɗauki muryarta a waya, minti shida cur, saƙo zuwa ga wanda ya rubuta littafin, tana bayyana masa inda ya yi kuskure da yadda ya kamata ya gyara. Aka tura wa Sista Rifkatu ta isar. Sista ta ce ba ta san marubucin ba, amma ta kunna saƙon a taron zumuntar mata na cocinsu ranar Alhamis. Ta ce an yi musu har aka makara da dafa abinci, kuma fiye da rabin matan bayan Goggo suka bi, ciki har da matar fasto, wadda ta ce ita mari biyu za ta yi.