Cajar da Ba Ta Son Gadi

'Yata ce ta sayo mini sabuwar caja don batirin motocin wasana masu rimot.

"Baba, wannan da kanta take kashewa in batir ya cika. Ka jona kawai, ka tafi harkarka."

In tafi ina?

Tsohuwar cajar da muke amfani da ita a garejin Yaya ba ta da hankali ko kaɗan. Kana juya baya za ta dafa batir. Dole mu zauna gadinta, minti arba'in cur. Yaya yakan ɗora bayan hannunsa a kan batirin, ya ce, "Da saura," sannan ya ci gaba da tsokanata kan motata da kullum take kifewa a kwana. A wurin gadin nan ya gaya mini zai yi aure. A nan kuma, bayan shekaru, ya gaya mini abin da likita ya ce.

Na jona sabuwar, na jawo kujera na zauna. Can ta yi ƙara, wai ta gama. Na taɓa batirin da bayan hannuna. Sanyi ƙalau.

"Da saura," na ce mata.