Naƙudar Gwaji

Hapsatu ta sake buga lambar Baba Joel, wayar ta yi ta ƙara har ta gaji ta katse. A allon kwamfuta, ɗan ɗigon da ke nuna inda babur ɗinsa yake ya riga ya fita gari, ya miƙi hanyar Kolere. Ruwan sama kuwa tun hantsi yake zuba kamar da bakin ƙwarya.

Ofishin nasu na wata ƙungiya ne mai kai mata masu naƙuda asibiti. Bana aka kawo musu mataimaki na ƙirƙirarriyar basira, wanda zai riƙa karɓar saƙon mutane yana tura musu mai babur. An ba shi kayan aiki iri-iri, amma shi ba ya ganin abin da ke cikinsu. Bayanin da aka rubuta a kan kowanne kaɗai yake karantawa, ya zaɓa, ya bi ido rufe. Mu'awiya, abokin aikin Hapsatu, shi ne ya rubuta bayanan. Aikin Hapsatu shi ne ta gwada su, ta ce sun yi ko ba su yi ba, kafin a buɗe wa jama'a.

To, Mu'awiya mutum ne mai rowar magana, ko gaisuwa rabi yake yi. Kayan tura direba biyu ne, ɗaya na gwaji, ɗaya na gaske, shi kuwa duka ya rubuta musu abu guda: "Yana tura mai babur." Da Hapsatu ta ƙirƙiri wata Saude a Kolere, ta ce tana naƙuda tana zubar da jini, sai mataimakin ya ɗauki na gasken, saƙo ya faɗa wayar Baba Joel, ɗaya daga cikin masu babur ɗinsu.

Nan take ta rubuta, "Soke tafiyar nan yanzu."

"An soke," in ji mataimakin, da ladabinsa.

Ɗigon bai tsaya ba.

"Mu'awiya! Ya ce an soke, ga mutum yana ta tafiya!"

Mu'awiya ya taso yana sosa ƙeya. "Adda Hapsatu, ai wannan a kwamfuta kawai yake sokewa. Ba ya gaya wa direba."

"Ka rubuta haka a bayanin?"

"Ai kowa ya sani."

"Shi wannan kowa ne?" Ta nuna allon. "Abin da ka gaya masa shi ya sani!"

Tsoro ya kama ta sosai, don ta san hanyar. Akwai wani mayo, wato rafi, a gaba wanda ba shi da gada. Da rani yara ke ƙwallo a cikinsa, da damina kuwa ko saniya sai ta yi shawara kafin ta sa ƙafa. Ta kuma san Baba Joel. Dattijo ne mai jikoki, gwiwarsa ɗaya ba ta da lafiya, amma in ya ji an ce mace na zubar da jini ba ya tsayawa ɗaga wayar kowa.

Ɗigon ya kai bakin mayon, ya tsaya. Hapsatu ta ce, "Alhamdulillahi, zai juyo." Ba ta rufe baki ba ɗigon ya ɓace daga allon.

Ta kira, aka ce wayar a kashe take. Ta kira wani mai shago da ta sani a Kolere, babu sabis. Mu'awiya ya koma kujerarsa ya hau gyara bayanan, yau dai magana ta zo masa, layi bayan layi. Ba ta ko kalle shi ba. Aka kira azahar, ta kasa tashi. Tana ta tunanin da wane baki za ta je ta tsaya gaban Mama Rachael, matarsa, ta ce mata mijinta ya shiga ruwa saboda wata mace da ita ta ƙaga a kan kujera.

Can wayarta ta yi ƙara, baƙuwar lamba.

"Hapsatu, ni ne." Muryarsa na karkarwa da sanyi. "Na ƙetare. Mashin na bar shi wancan gefe, waya ya sha ruwa, na wani na ara, na dawo bakin mayo inda akwai sabis. Ruwa ya kai ni ƙirji fa. Na shiga gida-gida, ba wanda ya san Saude mai ciki. Gidan shi yana ina? Yi sauri."

Ta runtse ido. "Baba, babu Saude. Gwaji nake yi, saƙon ya zo maka bisa kuskure. Ka yafe mini."

Tana jin rurin ruwan a bayansa.

"Ba mace yana mutuwa?"

"Babu, Baba."

"To, mun gode Allah." Ya yi tari, ya daɗe yana yi. "Amma yarinyana, gaya mini abu ɗaya. Gobe in abin nan ya kira ni, mayo ya cika haka, in shiga ne, ko in tsaya in tambaya?"