Gyaɗar da Aka Kulle a Mota

Tun da tsohuwar motar maigidana ta daina tashi, ya ce aikin maƙiya ne. Ya canja batir, shiru. Kullum 'yan unguwa ke turi, shi yana ciki yana hura hanci.

Ranar kasuwar Wudil ya kira Wali mai gyaran wayar mota. Wali ya bi wayar kik mai tayar da inji tun daga makulli, ya zaro ta a gutsure, ɓawon gyaɗa na zubowa. Yana haɗa ta, mota ta tashi.

"Alhaji, ɓera ne. Me kake ajiyewa a ciki?"

Gyaɗar gonar maigidana ta Lajawa ce, ya kulle a motar don kada in ɗiba in yi miya.

Na ce, "Sannu, Baban Afra. Ashe maƙiyan naka ma kai kake ciyar da su."