Sunan Ɗan Fari

Ni na yaye Yuguda, ni na goya shi, ni na kai shi makarantar boko yana kuka yana cizon hannuna. Uwarsa Jaratu, matar wana Baballe tela, tana nan da ranta, ɗakinta yana kallon nawa a gida ɗaya cikin unguwar Briqueterie a Yaoundé. Amma ɗan fari ne, saboda haka tun bai iya magana ba aka miƙo mini shi. Haka ake yi, ba wanda ya ga laifi. Jaratu kuwa Bafillatanar Garwa ce, kunyarta ta ninka tamu. Ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta cin abinci yana wurin, sunansa kuwa bai taɓa fita daga bakinta ba. In ta matsu ta ce masa "kai", in tana maganarsa ta ce "ɗan Indo". Indo ni ce.

Kada wani ya ce ba ta sonsa, don zan ci mutuncin mutum a kan wannan. Na sha kama ta tana goge masa rigar makaranta a ɓoye, in na shigo ta ce ta ɗauka ta ƙanensa ce. Tsokar da ta fi kyau a miya kullum kwanona take faɗawa, kuma ta san ba ni zan ci ba. Shi ma ya sani. Sai dai boko ya buɗe masa ido a kan abin da bai kamata ba. Ranar rabon kyauta ya ga matan ƙabilar Ewondo suna rungume 'ya'yansu suna kiran sunayensu da ƙarfi a filin makaranta, ya dawo gida da littafin da aka ba shi ya jefa a kan gadona.

A shekarar saba'in da huɗu, zamanin shugaba Ahidjo, bayan rasuwar Baballe da shekara biyu, Yuguda ya samu aikin akawu a wata ma'aikatar gwamnati. Yana da shekara ashirin da biyu. A can ya haɗu da wani abokin aiki, Mbarga, mai tsohuwar mota Pijo, shi ya ba shi labarin wani tafki a cikin kurmi, ta hanyar Mbalmayo. Wai an zuba yashi a bakinsa, ana hayar ƙananan kwale-kwale, an kuma sare hanyoyi cikin kurmin don masu yawon shan iska. Turawa da manyan ma'aikata ke zuwa ranar Lahadi. Yuguda ya dage sai ya kai mu. Na ce ruwan da ke sauka a Yaoundé bai ishe mu kallo ba sai mun bi shi daji? Jaratu ta ce ba za ta ba. Da ta ji na yarda sai ta ɗauko mayafinta mai kyau, wai za ta raka ni kada mota ta juya mini ciki.

Da safen Lahadin ya shigo ɗakina cikin sabon kaftani fari mai aiki a wuya, daga ragowar shaddar da ubansa ya bari. Ya tsuguna ya gaishe ni, ya rage murya.

"Goggo, yau ba zan amsa 'kai' ba. Ko sau ɗaya ne ta faɗa, in ji yadda yake a bakinta."

Da ina da hankali da na tsawata masa. Dariya na yi. Na ce ya yi maganinta, ai shekara ashirin ta isa, ya toshe kunne har sai ta gaji. Ni na faɗi haka da bakina, ina ɗaura ɗankwali ina jin daɗin wasan.

Mun isa kafin azahar, mu uku da Mbarga da matarsa. Tafkin baƙi ne wuluk, itatuwa sun kewaye shi har suna leƙa cikinsa, ba irin ruwan arewa ba da kake ganin yashin ƙasansa. Turawa kwance a rana ba kunya ba tsoron Allah, rediyo na ta kiɗa, yara na ihu. Abin da ya fi ba ni haushi wani jirgi ne mai inji da ke jan mutum da doguwar igiya, shi kuma yana tsaye a kan falankai biyu yana tsaga ruwa. Babban mutum da gemunsa. An jera jajayen gwangwanaye a kan ruwan, mai hayar kwale-kwale ya yi bayani da Faransanci cewa daga nan zuwa ciki filin jirgin ne, kada kowa ya wuce. Yuguda da kansa ya fassara mana, yana satar kallon uwarsa ko ta ji yadda Faransanci ke zuba a bakinsa. Ita kuwa ta shimfiɗa tabarma a gindin wata itaciya, ta ba shi rabin baya.

Muka yi salla, muka ci dambun naman da Jaratu ta kwana biyu tana yi. Sau biyu ta ce masa "kai" don ya miƙo buta, sau biyu ya yi kamar da iska take. Ta dube ni, na kau da kai ina danne dariya.

Matar Mbarga ta ce in zo mu shiga kurmi da wani tsoho mai nuna hanya. Na bi su don an ce akwai ɓawon itacen da ke maganin ciwon gwiwa. Ban ji daɗin wurin ba. Rana tsaka amma duhu, ƙasa na tsotson takalmi, tururuwa ta hau mini ƙafa, ga itatuwa masu saiwa kamar bangon ɗaki. Tsohon yana ta nuna tsuntsaye, ni ina ta tsaki. Duk tafiyar muna jin kukan injin nan daga nesa, ya tafi ya dawo, har kunne ya saba. Sai ya ɗauke. Bayan ɗan shiru muka ji ihun mutane da yawa, kuma ba irin ihun wasa ba ne.

Abin da ya faru daga bakin Mbarga na ji shi, domin yana tsaye kusa da tabarmar. Yuguda ya hau kwale-kwale shi kaɗai, da kaftaninsa, don ba zai tuɓe a gaban uwarsa ba. Bai iya ruwa ba, ina zai koya a Briqueterie? Ya tuƙa ya ba gaɓa baya, yana tafiya a karkace irin ta sabon shiga, har ya gota jajayen gwangwanayen bai lura ba. Ba shi da nisa, ana iya jin magana. Jirgin kuwa ya zagayo ta bayan wasu itatuwa da suka shigo cikin ruwa, ta hagunsa. Jaratu, wadda kowa ya ɗauka ba ta kallonsa, ita ta fara gani. Ta miƙe tsaye, mayafi ya faɗi.

"Kai! Kai ɗan Indo! Kai!"

Mbarga ya ce Yuguda ya ji ta sarai. Ya ɗaga hannu ɗaya sama ya kaɗa, bai waiwayo ba, kafaɗunsa na rawa alamar dariya yake. Jirgin ya kauce masa, amma igiyar ta share kwale-kwalen ta kifar. Shadda ta sha ruwa ta yi nauyi. Sau ɗaya aka ga farin kaftanin.

Masunta biyu daga ƙauyen da ke kusa suka fito da shi bayan la'asar. Na cire zanena na sama na rufe shi. Na yi kuka har muryata ta dushe, na zagi Baturen da jirgin ke ja yana tsaye cikin tawul, na zagi mai jirgin, na zagi tafkin. Jaratu ba ta yi kuka ba. Ta zauna taku uku daga gawar, ta ba ta rabin baya yadda ta saba.

Jandarma, ɗan sanda ke nan, ya zo a kan babur, ya ɗora takardarsa a kan motar Mbarga, ya tambaya wace ce uwar mamacin. Na buɗe baki zan amsa, kamar yadda na amsa a makaranta da asibiti shekara ashirin. Jaratu ta riƙe mini hannu ta tashi. Ya tambayi sunan mamacin, Mbarga ya maimaita mata. Leɓɓanta suka motsa, ba wanda ya ji. Jandarman ya ce ta ɗaga murya, yana da sauran aiki.

"Yuguda," ta ce. "Yuguda Baballe. Ɗana ne."

Har masu naɗe tabarmi sai da suka juyo. Ta ja sunan a hankali da karin harshen mutanen Garwa, ban taɓa jin wanda ya faɗe shi da daɗi haka ba. Jandarman ya rubuta ya ce ta dangwala yatsa.

A hanyar dawowa muna baya ni da ita, motar da ta ɗauko gawarsa tana gabanmu. Sai da muka kusa kwanar unguwa, inda masu tsire suka fara hura wuta, ta yi magana ba tare da ta dube ni ba.

"Ya ji ni, Indo. Ya ɗaga mini hannu. Me ya hana shi juyowa?"

Na ce ƙarar inji ce, bai gane abin da take faɗa ba. Ta gyaɗa kai. Shekara goma sha ɗaya muka ƙara a gida ɗaya, ta sake tambayata ya fi sau ɗari, kuma har aka ɗauke ta amsar da na ba ta ke nan.