Kayan da Aka Sauke a Gashuwa

Ridwanu ɗan Nguru ne, matuƙin jirgin sama, amma shekara da shekaru a kujerar dama yake zama. A cikin jirgi, kujerar hagu ita ce ta kyaftin, mai yanke magana. Ta dama kuwa ta mataimaki ce, shi nasa "to, ranka ya daɗe." A babban kamfanin da ya fara aiki a Legas, layin masu jiran kujerar hagu ya fi layin gidan mai tsawo, wasu har furfura ta fito musu suna jira. Shi ya sa ya ajiye aikin nan ya koma wani ƙaramin kamfanin shata a Kano, masu 'yan ƙananan jirage da attajirai ke ɗauka su kai su inda manyan jirage ba sa sauka. Abokansa suka ce ya saki reshe ya kama ganye. Shi kuwa ya san abin da yake nema. A irin wannan wuri ne ake damƙa wa mutum jirgi da wuri, in ya nuna ya isa.

Wanda zai ce ya isa ko bai isa ba shi ne Kyaftin Lanre, wani dattijon Bayarabe da ya tashi a Zariya, Hausa a bakinsa kamar Bazazzagi. Ran da za su Gashuwa ɗauko Alhaji Jumare, wani babban dillalin shanu, tun a Kano ya faɗa masa.

"Yau kai ne a hagu, ni ɗan rakiya ne. In na sa maka hannu a takardar gwaji, wata mai kamawa jirgi naka ne. In ban sa ba, sai baɗi, in ma kamfani ya sake waiwayarka."

Da hantsi suka sauka Gashuwa lafiya lau. Alhaji Jumare bai iso ba sai da rana ta take, ga shi bazara ce, irin zafin da ko kadangare ba ya son taka ƙasa. Ya zo da mutanensa da akwatunansu. Ridwanu ya auna kayan, ya yi lissafinsa, ya ga jirgin zai ɗauka, amma da ƙyar. Don kuwa in zafi ya yi zafi iska ba ta da ƙarfin tallafar fukafuki, jirgi sai ya yi dogon gudu kafin ya ɗaga, titin Gashuwa kuma ba wani dogo ba ne. A ƙarshensa ga darbejiya da goruba a tsaye.

Ana cikin loda akwatuna sai ga wata tsohuwar akori-kura ta shigo tana tari. Ridwanu ya hango waɗanda ke ciki, ya gane su. Jiya ya faɗa wa mahaifiyarsa Ya Fanne a waya cewa zai sauka Gashuwa, don ta yi masa addu'a kawai. Ashe ta faɗa wa Baba Dunoma.

Baba Dunoma ƙanin mahaifinsa ne. Shi ya riƙe shi tun rasuwar uban, shi ya tsaya kai da fata har aka kai shi makarantar tuƙi. Ya fito daga gaban mota da babbar rigarsa ta Juma'a, ya gyara zanna-bukar ɗinsa, Ya Fanne na biye da shi a hankali. Tun sassafe suka baro Nguru.

Ridwanu ya cire hular aiki, ya durƙusa a kan kwaltar nan mai zafi ya gaishe su. Ya Fanne, da yake shi ne ɗan fari, ba ta kama sunansa. Ta dai kalli farar rigarsa ta kawar da kai tana murmushi.

"Ina malamin naka?" in ji Baba Dunoma.

Aka nuna masa Kyaftin Lanre. Baba Dunoma ya kama hannunsa da hannu biyu ya ƙi saki.

"Kai ne ke riƙe mana da yaro? Allah ya saka maka. Allah ya riƙa maka naka. Mu a wurinmu ba a zuwa wurin malamin ɗa hannu rabbana. Ran da yaron nan ya sauke Alƙur'ani, rago na kai. Yau ga ɗan abin da ya samu."

Ya ɗaga wa direban akori-kura hannu. Sai ga buhun shinkafa 'yar gida, ga wani buhun, ga na gero, ga manyan kwalaye na bandar kifi daga Dagona an ɗaure su da igiya tamau, ga galan na man shanu.

Kyaftin Lanre ya yi godiya sosai har da rusunawa. Sannan ya ce, "Amma Baba, jirgin yau ba nawa ba ne. Ga kyaftin nan, shi zai ce a saka ko kar a saka."

Baba Dunoma ya fashe da dariya. "Wannan? Wannan da nake goyawa a bayan keke yana yi mini fitsari a riga? Kai Ridwanu, buɗe musu wurin kaya."

Alhaji Jumare, da ya riga ya ƙosa, ya leƙo daga inuwar fiffike. "A saka mana! Ni na ɗauki shatar nan, na ba da izini. Dattijo ya taso tun daga Nguru, a ce masa me? Ga wuri nan fili."

Wuri kam akwai. Ridwanu ya san ba wuri ne matsalar ba. Ya buɗe baki, sai ya ga idon mutane a kansa: direba, ma'aikatan filin, mutanen Alhaji, ga Baba Dunoma yana ta fara'a kamar ranar suna. Tunda yake bai taɓa ce wa mutumin nan a'a ba, ko a ɗaka, balle a bainar jama'a. Kuma mayar da kyauta, ai ko bare ba a yi wa.

Ya ji bakinsa ya ce, "To, Baba."

Aka loda. Ya zagaya jirgin yana dubawa kamar yadda aka saba, ya ga tayoyi sun ɗan kwanta, bindin jirgin ya yi ƙasa. Ya ce a ransa wataƙila iska ta taso ta taimaka. Ya dubi kyallen nuna iska da ke kan sanda, yana rataye kamar wanki.

Ya hau, ya zauna a kujerar hagu, ya ɗaura bel. Ya sake buga lissafin ko Allah zai sa ya canza. Bai canza ba. Kyaftin Lanre na gefensa ya harɗe hannuwa a ƙirji, yana kallon waje kamar mai jiran mota ta cika a tasha. Ta taga Ridwanu ya hango Baba Dunoma yana ɗaga hannu, Ya Fanne kuma ta buɗe tafin hannuwanta tana motsa leɓe. Ya miƙa yatsa wajen makunnin inji. Daga nan ya ɗaga kai ya dubi ƙarshen titin, inda zafi ke sa gorubar nan rawa. Nan gaban idon Ya Fanne hatsarin zai faru, in zai faru.

Ya janye hannunsa, ya kwance bel.

"Ina zuwa, Kyaftin."



Ridwanu ya sauko, ya taka har gaban Baba Dunoma, ya sake durƙusawa.

"Baba, ka yi haƙuri. Kayan nan ba za su tafi a jirgin nan ba."

Fara'ar ta ɗauke a hankali. "Me ka ce?"

"Sun yi nauyi, Baba. Ga zafi, ga titin gajere ne. Jirgin ba zai ɗaga a kan lokaci ba."

"Ɗazu da ka ce to, ba su da nauyi? Sai da aka loda, mutane suka gani, sannan za ka sauke mini su kamar kayan sata? Malaminka na kawo wa, ba kai ba."

"Laifina ne, Baba. Tun ɗazu ya kamata in faɗa."

Alhaji Jumare ya leƙo ta ƙofa yana fifita da hula. "Kai yaro, na hau jirgi tun ba a haife ka ba. Buhu nawa ne duka-duka? Tirela ma ana yi mata ƙari."

"Ranka ya daɗe, tirela in ta gaza tsayawa take yi a gefen hanya. In kayan nan na ciki, ba zan tashi ba."

Ya faɗa, kuma kowa ya ji. Ba wanda ya motsa don sauke kayan, ganin fuskar dattijo. Sai Ridwanu ya buɗe wurin kaya da kansa, ya rungumo buhu ya kai bayan akori-kura, ya dawo ya ɗauki wani. Man kifi ya ɓata farar rigar, gumi ya jiƙa sauran. Baba Dunoma bai tsaya ya ga ƙarshe ba. Ya shige gaban mota ya ja ƙofa, ya juya fuskarsa wajen hanyar Nguru.

Ya Fanne ce ta matso. Ta kwance bakin kwali ɗaya, ta zaɓi kifi guda mai kyau, ta naɗe shi a leda.

"Kai wannan," ta ce a hankali, "shi ma ya fi ƙarfin jirgin naku?"

"A'a, Iya. Wannan zai iya."

"To ka ba malamin. Je ka, Allah ya kiyaye hanya. Baban naka bar ni da shi."

Suka tashi. Jirgin ya ci titi, ya ci titi, sai da ya kusa cinye shi sannan ya ɗaga, kawunan goruba suka wuce ta ƙarƙashinsu kusa-kusa. A baya, Alhaji Jumare da ke ta mita ya yi tsit, sai salati. Can ƙasa kogi ya bayyana da fadamunsa, daga nan Ridwanu bai ƙara kallon ƙasa ba, ya mai da hankali ga aikinsa. Har suka isa Kano Kyaftin Lanre bai yi wata magana ba ban da ta aiki.

Sai da fasinjoji suka watse, injin ya yi sanyi, sannan ya juyo.

"Da yatsanka ya taɓa makunnin nan, da na karɓi jirgin, kuma da magana ta ƙare. Ka sani?"

"Na sani, Kyaftin."

"Ka makara. Wurin cewa a'a tun buhu na ƙasa ne. Zan rubuta haka, don gaskiya ce." Ya shafa gemu. "Na ga masu iya tuƙi da yawa da Alhaji ɗaya ya tanƙwara su. Kai naka ma uba ne. Zan sa hannu. Miƙo mini kifina."

Ridwanu ya miƙa masa ledar.

Washegari ya kira Baba Dunoma, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ya sake kira bayan azahar, haka. Sai ya kira Ya Fanne ya faɗa mata an ba shi kujerar. Ta yi hamdala, ta ƙara, sannan ya tambaye ta Baba.

"Yana nan. Kayan dai ya sa su a motar Kano da safe, ya ce a kai gidan malamin, kuma kar a biya ta hannunka."

"Har yanzu fushi yake yi?"

"Oho. Tun jiya yake zaune a rumfar masu kifi, duk wanda ya zo sai ya ba shi labari. Wai yaron nan ko Alhaji Jumare bai saurara wa ba, shi kansa ma da ya goya shi sai da ya sauke masa kaya. Ni dai na kasa gane ƙararka yake kaiwa ko me."

Ridwanu ya ce bari ya sake gwada kiransa.

"Ka bar kiran nan," in ji ta. "In ka samu hutu ka zo da ƙafarka. A mota."